Yadda ake amfani da maganin feshin hanci idan majina ta ƙi tsayawa

Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, iskar gabas ta fara kaɗawa, duk wanda ya fita sallar Asuba a Zariya ya san abin da zai tarar a sahu: wannan yana jan hanci, wancan yana atishawa, na gefe yana laluben hankici a aljihu. Ƙurar da ke rufe mana gari har ta dusashe rana, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, kuma tana tafe da bushewar nan mai fasa leɓe da dunduniya. Hanci ne ke fara tarbarta. Ga yawancin mutane mura ce ta kwana 7 zuwa 10, ta zo ta wuce. Amma akwai waɗanda tasu ba ta wucewa. Ruwa ne fari tas yake ɗiga daga hanci tun farkon sanyi har shigowar bazara, wasu ma har cikin damina. Irin waɗannan ne likita kan rubuta wa maganin feshi.

Goggona tana cikinsu. Ta je asibiti an rubuta mata, an sayo da tsada, bayan mako guda na tarar da kwalbar a bakin taga ta yi ƙura. Na ce, "Goggo, ya aka ajiye magani?" Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba na hanci ba ne. Ɗaci kawai yake sauko mini a maƙoshi, ga haɓo ya ƙara mini a kan abin da nake fama da shi." Na roƙe ta ta nuna mini yadda take yi. Sai ta ɗaga kai sama, ta cusa bakin kwalbar tsaye, ta matsa, ta ja numfashi da iya ƙarfinta. Abin ya dame ni, domin ba laifinta ba ne. Babu wanda ya ɗauki minti biyu ya nuna mata. Maganin lafiyarsa ƙalau, wurin da ya kamata ya sauka ne bai taɓa sauka ba.

Ka fara sanin wanne ne a hannunka

Kwalaben duk kama suke yi, amma aikinsu ya sha bamban. Juya kwalin ka karanta sunan da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani.

Idan ka ga ipratropium, to wannan shi ne wanda aka yi musamman saboda yoyon hanci. A cikin hanci akwai ƙananan ƙulle-ƙulle masu fitar da majina, jijiyoyi ne ke ba su umarni, shi kuma maganin yana tare wannan umarnin ne. Dangin sinadarin atropine ne, wanda ake samu a jikin zaƙami, shi ya sa yake busar da hanci, shi ya sa kuma ake tsoron shigarsa ido. Ƙarfinsa kashi biyu ne. Mai 0.03% na masu daɗaɗɗen yoyo ne, daga ɗan shekara 6 zuwa sama, yawanci feshi biyu a kowace kafar hanci, sau biyu ko uku a rana. Mai 0.06% kuma ana ba da shi a kan mura, kuma a kan mura ba a wuce kwana 4 da shi. Ipratropium yana da amfani sosai ga dattawan da hancinsu ke zuba babu mura babu komai, da masu zubar hanci da zarar sun kai lomar farfesu ko tsire mai yaji baki. Sai dai ka sani tun yanzu: ruwan kawai yake tsayarwa. Ba ya buɗe toshewa, ba ya hana atishawa. Akwai kuma ipratropium na masu asma wanda ake shaƙa ta baki. Ba ɗaya suke ba, kada ka karɓi wancan a madadin wannan.

Idan ka ga fluticasone, mometasone, beclometasone ko budesonide, waɗannan sitiroyid ne, kuma su ne a cikin Flixonase, Avamys, Nasonex, Beconase da Rhinocort. Su ake ba wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙura, garin furen ciyayi, gashin kyanwa da makamantansu, abin da ake kira alaji. Suna kwantar da kumburin cikin hanci, don haka yoyo da ƙaiƙayi da atishawa da toshewa duk suna raguwa tare. Halinsu shi ne jinkiri. Sai an yi 'yan kwanaki kafin a ji canji, cikakken amfaninsu kuma yakan kai mako biyu. A nan ne mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu: su fesa yau, su fesa gobe, su ga ba abin da ya sauya, su jefar. Kullum ake yin sa, har a ranar da ka tashi hancinka garau.

Azelastine kuma maganin alaji ne mai saurin aiki, cikin kamar rabin awa. An san shi da ɗaci idan ya gangara maƙogwaro, wasu kuma yakan sa su jin barci. Direba da ɗan acaɓa su lura da wannan a kwanakin farko.

Na huɗun shi ne wanda nake so a fi yin hattara da shi, domin shi ake miƙo wa mutum a kemis ba tare da takarda ba: xylometazoline, wanda ke cikin Otrivin, da ɗan'uwansa oxymetazoline. Cikin mintuna kaɗan hanci ya buɗe, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Tsuke hanyoyin jini yake yi, kuma idan aka daɗe a kansa, da zarar ƙarfinsa ya sauka hancin sai ya kumbura fiye da da, mutum ya sake fesawa, a haka har ya kasa barci sai da kwalba a ƙarƙashin matashi. Kada ya wuce kwana 5, wasu likitoci ma 3 suke yankewa. Wanda ya riga ya yi makonni a kansa ya je ya ga likita, akwai yadda ake yaye shi.

Kafin ka bar gaban likita

Ko a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika aka duba ka, ko a asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, ko a wani ƙaramin asibiti a Samaru ko Sabon Gari, akwai abubuwan da ya kamata ka faɗa ko ba a tambaye ka ba. Idan kana da gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ka faɗa. Dattijon da ke fama da wahalar fitsari saboda kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya faɗa, domin ipratropium na iya ƙara riƙe fitsarin. Mai juna biyu da mai shayarwa su faɗa. Wanda aka yi wa aiki a hanci kwanan nan, ko mai yawan haɓo, ko mai shan maganin tsinka jini, shi ma haka.

Akwai ɗaya da kunya kan hana mutane faɗa, alhali tana da muhimmanci. Wasu daga cikin magungunan cutar HIV suna ɗauke da ritonavir, shi kuma yana hana hanta narkar da fluticasone da budesonide, sai sitiroyid ɗin ya taru a jini ya haifar da matsala. Likita amintacce ne a kan sirrinka; idan ya sani, zai zaɓa maka wanda ya dace.

Ka tabbatar ka fito da amsar tambayoyi uku: feshi nawa a kowace kafa, sau nawa a rana, har tsawon kwana nawa. A wurin saye kuma ka duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar aiki, da cewa ba a taɓa buɗe kwalin ba. Idan famasin ba su da ainihin wanda aka rubuta, kada ka yarda da "wannan ma irinsa ne" sai ka koma ga wanda ya rubuta.

Ranar farko: tayar da famfo

Sabuwar kwalba famfonta iska ce a ciki. Idan ka kai ta hanci kai tsaye, feshin farko da na biyu babu magani a cikinsu. Cire murfi, riƙe kwalbar a tsaye, babban yatsa a gindinta, manuniya da na tsakiya a kafaɗunta, ka juya bakin nesa da fuskarka da ta kowa, ka yi ta matsawa da sauri da ƙarfi har sai ka ga feshi mai laushi kamar hazo. Ipratropium sau 7 ake matsa shi a karon farko, Nasonex sau 10. Idan ipratropium ya wuce awa 24 ba a taɓa shi ba, sai a sake matsawa sau 2 a iska. Idan ya wuce mako guda, a koma sau 7. Sauran kowanne da adadinsa a takardar cikin kwali, don haka kada ka yar da takardar nan.

Feshin kansa

Wanke hannu. Fyace hanci a hankali, kafa ɗaya bayan ɗaya. Maganin da ya sauka a kan majina, majinar ce za ta tafi da shi. A lokacin hunturu, idan ciki ya yi ɓawo, ka fara jiƙa shi da ruwan gishiri. Ana sayar da na feshi a famasi, kana kuma iya haɗa naka: tafasa ruwa rabin lita, wato daidai ledar fiya wata ɗaya, ka bar shi ya huce, ka zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, shafaffe ba tuli ba. Ka zuba a tafin hannu ka shaƙa kamar a alwala, ka fyace. Tafasawar dole ce, kuma kullum a haɗa sabo. Ban da kanwa. Ka dakata 'yan mintuna hanci ya tsane kafin ka ɗauko magani.

Idan sitiroyid ne, girgiza kwalbar sosai, domin ƙwayoyin maganin kwanciya suke yi a ƙasa.

Yanzu ga wurin da komai ya rataya. Sunkuyar da kai kaɗan, kamar kana kallon yatsun ƙafarka ko kana karanta allo a cinya. Kada ka ɗaga kai. Ramin hanci ba sama ya nufa ba, baya ya nufa, wajen ƙeya. Mai ɗaga kai ya shimfiɗa wa maganin hanya ce miƙaƙƙiya zuwa maƙogwaro.

Sai ka yi musayar hannu: hannun hagu ya fesa kafar dama, hannun dama ya fesa kafar hagu. Na san yawancinmu mun saba yin komai da dama, kuma da farko abin zai zo maka a baibai. Dalilin shi ne katangar da ta raba kafofin hanci biyu. A gabanta, daidai inda yatsa ke iya kaiwa, ƙananan hanyoyin jini sun haɗu a ƙarƙashin fata mai laushi ƙwarai, kuma daga nan mafi yawan haɓo ke fitowa. Wanda ya fesa kafar dama da hannun dama, ba tare da ya sani ba bakin kwalbar katangar nan yake kallo. Kullum yana dukan wuri ɗaya, ga iskar hunturu ta riga ta busar da shi, ba a jimawa sai jini. Abin da ya sami Goggo ke nan. Idan ka sauya hannu, bakin da kansa zai karkata waje, inda naman da ke kumbura yana fitar da ruwa yake. Shigar da tsinin kaɗan, ba sai ka cusa shi duka ba, ka nufi saman kunnenka na ɓangaren da kake fesawa. Kwalbar ta kasance a tsaye. Da ɗayan hannun kana iya danne kafar da ba ka fesawa.

Rufe ido, ka matsa sau ɗaya, matsawa cikakkiya, kana jan numfashi a hankali kamar mai sansanar turare don ya ji ko na kirki ne. Ba ja mai ƙarfi ba. Cire kwalbar ka fitar da numfashi ta baki. Idan feshi biyu aka ce, maimaita a wannan kafar, sannan ka koma ɗayar. Takardar ipratropium takan ce bayan an cire kwalbar a ɗan ɗaga kai na daƙiƙu kaɗan don maganin ya bazu. Wannan bayan feshi ne, ba lokacin matsawa ba.

Ga ma'aunin da za ka gwada kanka da shi. Idan ka ji ɗanɗanon magani a maƙoshi, ka ja da ƙarfi ko ka ɗaga kai. Idan ya ziraro waje da yawa, ka sunkuya fiye da kima ko ba ka ja komai ba. Ɗigo ɗaya ko biyu ba komai, goge shi kawai, kada ka ƙara wani feshin a madadinsa. Bayan haka ka daure kamar minti 15 ba ka fyace ba. Goge bakin kwalbar da tishu mai tsabta ka mayar da murfi.

Idan tsautsayi ya sa ipratropium ya shiga ido, wanke da ruwan sanyi mai yawa na mintuna da dama. Gani zai iya dusashewa na ɗan lokaci. Idan kuma idon ya yi ja, yana ciwo, kana ganin zobe kewaye da fitila, ka nufi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Alwala, azumi da zaɓen lokaci

Mu masu shaƙa ruwa da fyacewa sau biyar a rana, wannan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya fesa magani ƙarfe biyar na asuba, ya tashi ya yi alwala bayan minti biyu, ya wanke kuɗinsa ne. Yi alwala tukuna, sannan ka fesa. A ganina ma alwalar taimako ce, tunda ta share hanci, salla kuma ta zame maka agogo. Mai sau ɗaya a rana ya ɗaura shi da Asuba, mai sau biyu Asuba da Isha'i, mai sau uku ya ƙara da Azahar. Wanda yoyonsa na cin abinci ne, likita kan ce ya fesa kafin ya zauna cin. Idan ka manta wani lokaci, ci gaba da na gaba, kada ka ninka.

A azumi, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, ruwan da ya shiga ta hanci ya kai maƙogwaro yana karya azumi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya feshin hanci cikin abubuwan da ba sa karyawa muddin mutum bai haɗiye abin da ya gangaro ba. Hanyar fita daga saɓani mai sauƙi ce ga mafi yawan mutane: mai sau ɗaya ya yi da dare, mai sau biyu ya yi da sahur da bayan buɗa-baki. Mai sau uku ya tambayi likitansa ko za a iya mayar da shi biyu, ya kuma tambayi malaminsa.

Yara

Uwa, ke za ki fesa wa yaro, kada ki miƙa masa kwalba. Ki zaunar da shi a cinyarki ya juya miki baya, ki sa masa wani abu a ƙasa ya kalla don kansa ya sunkuya, ki fesa ta hanyar da aka bayyana. Ki fara fesawa a iska ya gani, tsoro zai ragu. Kowane magani da shekarun da aka yarda a fara ba da shi, kuma sau da yawa adadin yara bai kai na manya ba, saboda haka ragowar na babansa ba nasa ba ne. Yaron da zai yi watanni a kan sitiroyid ana so a riƙa auna tsayinsa a asibiti lokaci zuwa lokaci.

Kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce. Abin da ya shiga hancin wani ba ya shiga na wani, ko miji da mata ne.

Kula da kwalbar

Idan bakin ya toshe, kada ka tsokane shi da allura ko tsinke. Ramin an auna shi ne don ya fitar da daidai adadin magani, da zarar ka faɗaɗa shi feshin ya lalace. Yawancinsu ana zare bakin a jiƙa a ruwan ɗumi, a bar shi ya bushe, a mayar, a sake tayar da famfo. Avamys kuwa ba a kai masa ruwa, gogewa kawai ake yi da busasshen tishu. Ajiye kwalbar a inuwa, nesa da hannun yara. Zafin Maris da Afrilu a cikin motar da aka rufe a rana ya isa ya ɓata ta.

Ka kuma yi lissafi. A jikin kwali an rubuta yawan feshin da ke ciki. Kwalba mai 120, idan kana yin biyu a kowace kafa sau ɗaya a rana, huɗu ke nan kullum, kwana 30 za ta yi maka. Rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin don ka san lokacin neman wata kafin ta yanke maka.

Magani kuma ba zai yi kokawa da ƙura shi kaɗai ba. Sa takunkumi idan za ka hau babur ko ka ratsa Kwangila da safe, a yayyafa ruwa kafin shara, a rage turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakin kwana, kada kuma a cusa man zafi cikin hanci.

Idan jini ya zo, da lokacin komawa asibiti

Ɗan jirwayen jini a majina abu ne da aka saba gani, musamman a hunturu. Duba inda bakin kwalbarka ke kallo, ka ƙara amfani da ruwan gishiri. Idan haɓo ne sosai, zauna ka sunkuya gaba, ka matse wuri mai laushi na hanci, ƙasa da ƙashi, minti 10 zuwa 15 ba saki, kana numfashi ta baki. Al'adar ɗaga kai sama ba ta tsayar da jini, haɗiye shi kawai take sa mutum ya yi. Dakatar da feshin ka sanar da likita. Idan an yi minti 20 bai tsaya ba, a tafi asibiti.

Ka koma idan ka yi mako 4 kana fesa sitiroyid daidai ba sauƙi, ko majina ta yi kauri da ciwon fuska ya wuce kwana 10, ko gefen ido ya kumbura. Antibayotik ba ya maganin mura ko alaji, kada ka sayo da kanka don majina ta sauya launi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a watannin da sanƙarau ke yawo a ƙasar nan, ba abin jira ba ne ko na awa ɗaya.

Akwai yoyo iri biyu da feshi ba shi da hurumi a kansu, kuma dukansu ta kafa ɗaya suke zuwa. Yaron da majina mai wari ke fito masa ta gefe ɗaya, sau da yawa wani abu ya cusa: ƙwayar masara, gyaɗa, dutsen ado, ko ƙaramin batirin agogo, wanda shi kam yana cin nama cikin awoyi. Kada a yi ƙoƙarin ciro shi da tsinke a gida. Na biyu, wanda ya faɗi a babur ko ya bugu a kai, daga baya ruwa fari kamar na famfo ya riƙa ɗiga ta kafa ɗaya, ya fi zuba idan ya yi ruku'u ko sujada, wani lokaci da ɗanɗanon gishiri. Wannan zai iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne ya sami kafa. Kada ya fesa komai, kada ya fyace, kada ya shaƙa ruwa. A kai shi Shika a ranar.